Lokotoro Abdul Halim Muhammad, likita kuma uban ƙwallon Afirka

1. Garuruwa uku bakin kogi

A ƙasar Sudan, gabas da Cadi, akwai wurin da manyan koguna biyu suke gamuwa. Ɗaya ana ce da shi Farin Nilu, daga kudu yake fitowa. Ɗayan kuwa Shuɗin Nilu, daga duwatsun Habasha yake gangarowa. In sun haɗu sai su zama kogi guda, ya miƙe arewa har ƙasar Masar. A bakin wannan mahaɗa garuruwa uku suke zaune suna kallon juna: Kartum, da Bahri, da Umdurman.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan wuri. Tun kafin zuwan jirgin sama, alhazai daga Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ta Sudan suke bi zuwa Makka, wasu da ƙafa, wasu bisa jakai da raƙuma. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu sukan tsaya su yi noma ko sana'a don su sami guzuri, har zama ya kama su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun yi hijira gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokin waɗannan mutane sun bazu cikin ƙasar, har unguwannin Kartum.

Yaran waɗannan unguwanni masu son ƙwallo ne, kamar yaran Yamai ko na Tawa. In la'asar ta yi sanyi sai su fito fili. Wanda ba shi da balo sai ya cusa tsummoki cikin tsohuwar safa, ya ɗaure. A aza duwatsu biyu a madadin raga. Wannan wasa na unguwa mutanen Sudan suna kiran shi dafuri. Babu alƙali, babu usur, babu littafin doka, amma kowane yaro ya san abin da ake yi da abin da ba a yi.

A ɗaya daga cikin garuruwan nan uku aka haifi mutumin da ya tara ƴan ƙwallon Afirka ƙarƙashin inuwa guda.

2. Daga allo zuwa lakwal

An haifi Abdul Halim Muhammad a Umdurman ran 10 ga watan Afrilu, 1910. Gidansu gidan malamai ne da shugabanni. Sunan kakansa aka sa masa, wato Abdul Halim Musa'id, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Mahadi, wanda ya rasu a fagen daga a Toshki cikin 1889. Lokacin da aka haifi jikan, Sudan tana hannun Turawan Ingila tare da Masar.

Yaron ya fara da karatun allo, kamar sauran ƴaƴan Musulmi. A Sudan makarantar allo sunanta halwa. Daga nan aka sa shi lakwal a Umdurman. A 1924 ya shiga Kwalejin Gordon da ke Kartum, wadda ita ce babbar makaranta a ƙasar duka a wancan zamani. Yara kaɗan ne suke samun shiga. A wannan kwaleji ɗalibai suna karatu da safe, da marece su fita filin wasa. Ƙwallon ƙafa ya shigo Sudan ne ta hannun sojoji da ma'aikatan Ingila, ya kama cikin makarantu, sannan ya fantsama cikin unguwanni. A Umdurman aka kafa manyan ƙungiyoyi uku da sunansu ya zagaya Afirka: Al-Marik, da Al-Maurada, da Al-Hilal.

A 1929 Abdul Halim ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Kicina, a nan Kartum. Ya fita a 1933, shi ne na ɗaya cikin ajinsu. Abokai da malamai suka taƙaita sunansa, suna ce masa Halim. Da wannan suna duniya ta san shi.

3. Aikin asibiti

A zamanin nan manyan likitocin Sudan duk Turawa ne. Ɗan ƙasa in ya gama karatu, ƙarƙashinsu yake aiki. Cututtuka kuwa sun yi yawa: zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da tarin huka, da sanƙarau. Lokotoro Halim ya duƙufa kan aikinsa. A 1939 ya tafi birnin Landan ƙarin ilimi, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya katse masa karatu, ya komo gida. Bai yi zuciya ba. Da ƙura ta lafa ya sake komawa. A 1948 ya ci jarrabawar babbar ƙungiyar likitocin Landan. Shi ne ɗan Sudan na farko da ya ci ta.

Da ya dawo aka ba shi shugabancin asibitin Umdurman a 1950. Daga 1954 zuwa 1964 shi ne shugaban babban asibitin Kartum, inda ɗalibai suke koyon aiki a gefen gadon majinyata. Shi ne kuma shugaban farko na ƙungiyar likitocin Sudan. Likitoci masu yawa sun fito daga hannunsa, har mutanen ƙasar suka riƙa kiran shi uban likitocin Sudan.

Aikin likita yana da dokoki cikin littattafai: yawan maganin da za a ba babba, da yawan wanda za a ba yaro. Yana kuma da ladubba waɗanda ɗalibi yake ɗauka ta kallon malaminsa. Likita ba ya tona asirin majinyaci. Ba ya duba launin fatar wanda aka kawo masa, ko yarensa, ko aljihunsa, kafin ya taimake shi. Ba ya kushe abokin aikinsa gaban jama'a. Mutumin da ya tashi cikin irin wannan tarbiyya, in ya shiga sha'anin wasa, da ita zai shiga.

4. Alƙalami da neman ƴanci

Lokotoro Halim bai tsaya ga asibiti kaɗai ba. Tun yana saurayi, shi da ƴan uwansa da abokansa sukan taru a Umdurman su karanta littattafai, su tattauna halin da ƙasarsu take ciki. Suna rubutu cikin wata mujalla mai suna Al-Fajr, wato alfijir, wadda ta fara fitowa a 1934. Cikin abokan nan har da ɗan uwansa Muhammad Ahmad Mahjub, kakansu ɗaya, wanda daga baya ya zama firaministan Sudan. Su biyu sun rubuta littafi tare da Larabci, mai suna Mautu Dunya, a kan rayuwar samarin zamaninsu.

A 1938 masu ilimin zamani na Sudan suka kafa babbar ƙungiya don neman haƙƙin ƴan ƙasa. Lokotoro Halim yana cikin waɗanda suka kafa ta. Sannu a hankali kiran ya yi ƙarfi. Ran 1 ga Janairu, 1956, Sudan ta sami mulkin kai. A wannan shekara Kwalejin Gordon da makarantar likita, waɗanda aka riga aka haɗe su, suka zama Jami'ar Kartum, kuma shi aka naɗa shugaban majalisar jami'ar. A shekarun nan ya riƙe kujerar magajin garin Kartum, ga shi kuma shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan.

A watan Oktoba na 1964 jama'a suka fito kan tituna, mulkin soja na Janar Abud ya faɗi. Aka nemi dattawa biyar waɗanda kowa ya yarda da su, don su riƙe ƙasa kafin a yi zaɓe. Lokotoro Halim yana cikinsu. Sun riƙe amanar har aka yi zaɓe a 1965.

5. Shawarar Lizbon

Hukumar da take kula da ƙwallon ƙafa ta duniya ana kiran ta FIFA. An kafa ta a Paris cikin 1904. Shekaru da yawa ƙasashen Turai da na Amurka ta Kudu su suke juya ta. Afirka kuwa kusan duk tana ƙarƙashin mulkin mallaka, ba ta da baki. Sai a taron 1954, a birnin Bern na ƙasar Suwis, aka yarda a ba ta kujera ɗaya cikin majalisar gudanarwa, bayan doguwar gardama.

A watan Yuni na 1956 FIFA ta yi taro a Lizbon, babban birnin Fotugal. Lokotoro Halim ya je da sunan Sudan. A wani masauki na birnin, wakilan Sudan da na Masar da na Afirka ta Kudu suka zauna su kaɗai. Suka ga Turai tana da hukumarta, Asiya tana da tata, Amurka ta Kudu kuwa tun 1916 take da tata hukumar da nata kofi. Suka yanke shawara Afirka ma ta kafa tata, ta kuma shirya gasa tsakanin ƙasashenta. Sudan, wadda ba ta ko cika wata shida da samun ƴanci ba, ta ɗauki nauyin karɓar baƙi.

Ran 8 ga Fabrairu, 1957, aka taru a babban otel na Kartum da ke bakin Shuɗin Nilu. Ƙasashe huɗu suka halarta: Sudan, da Masar, da Habasha, da Afirka ta Kudu. Habasha ta aiko da wani saurayi mai ƙwazo, tsohon ɗan wasa, sunansa Yidnekacew Tesema. A nan aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, wadda ake kira CAF, daga haruffan farko na sunanta da Faransanci. Aka zaɓi Abdul Aziz Abdallah Salim na Masar ya zama shugaba na farko, shi ne kuma ya ba da kofin da za a yi takara a kansa. A ran nan Gana ba ta sami ƴanci ba tukuna, sai ran 6 ga Maris. Nijar da Najeriya kuwa sai 1960.

6. Gasar da ta rage saura uku

Tun kafin a busa usur sai matsala ta taso. Daga 1948 gwamnatin fararen fata ta Afirka ta Kudu ta kafa mulkin wariyar launin fata. Baƙi da farare ba su zama unguwa ɗaya, ba su shiga makaranta ɗaya, ba su wasa cikin ƙungiya ɗaya. Hukumar ƙwallon ƙasar ta farare ce zalla. Ta ce za ta iya aiko da ƙungiyar farare kaɗai, ko ta baƙi kaɗai, amma ba za ta cuɗa su ba.

Masu shirya gasar suka shiga tsaka mai wuya. Ƙasashe huɗu ne tak. In an cire ɗaya, saura uku, gasar ta zama ƴar ƙarama, mutanen Turai su sami abin dariya. Afirka ta Kudu kuma ita ce mai kuɗi da filaye masu kyau. In kuwa an bar ta, to an yarda ke nan cewa a filin wasan Afirka ana zaɓen ɗan wasa da launin fatarsa. Sudan da Masar da Habasha suka tsaya kan magana ɗaya: ƙungiyar ƙasa ta ƴan ƙasa duka ce, wanda ya fi iyawa shi ake ɗauka. Afirka ta Kudu ta ƙi, aka yi gasar ba da ita ba. A 1958 CAF ta kore ta ɗungum. Wannan yana cikin matakai na farko da wata hukumar wasanni ta ƙasa da ƙasa ta ɗauka a kan wariyar launin fata.

Saboda haka wasa biyu kawai aka yi a sabon filin Kartum. Ran 10 ga Fabrairu Masar ta ci Sudan 2 da 1. Mai masauki ya faɗi a wasan farko, a gaban jama'arsa, a filin da ya gina. Duk da haka gasar ta ci gaba yadda aka tsara. Ran 16 ga wata Masar ta ci Habasha 4 da 0. Ɗan wasa guda, Ad-Diba, shi ya jefa duka huɗun. Aka miƙa wa baƙi kofi, suka tafi da shi Alƙahira.

Sudan ta ci gaba da haƙuri. A 1959 ta zo ta biyu. A 1963 ta kai wasan ƙarshe a Akara, Gana ta ci ta 3 da 0. Sai a 1970, da gasar ta komo Kartum, Sudan ta ci Gana 1 da 0, ta ɗauki kofin. Shekara 13 ke nan bayan faɗuwar farko. Mahaƙurci mawadaci.

7. Rabon da ba adalci

Wata gardamar kuma ta taso a kan gasar cin kofin duniya ta 1966, wadda aka yi a Ingila. Ƙasashe 16 ne za su buga. FIFA ta ba Turai gurbi 10, Amurka ta Kudu 4, Amurka ta Arewa da ta Tsakiya 1. Gurbi ɗaya da ya rage aka ce Afirka da Asiya da yankin Ostareliya su yi kokawa a kansa. Shugabannin CAF, cikinsu har da Ohene Jan na Gana da Tesema da Lokotoro Halim, suka ga wannan rabo ba adalci. Suka rubuta koke, ba a saurare su ba. Sai ƙasashen Afirka 15 suka janye gaba ɗaya.

Janyewar ta yi wa samarin ƴan wasa zafi, musamman na Gana, waɗanda suka ci kofin Afirka a 1963 da 1965. Amma ta yi amfani. Daga 1970 aka ba Afirka gurbinta na kanta, Maroko ta fara shiga. A 1982 aka mai da shi biyu, a 1998 biyar. A 2022 Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba kafin nan.

A 1968 aka zaɓi Lokotoro Halim shugaban CAF. A wannan shekara kuma ya zama ɗan Kwamitin Olamfik na Duniya, inda ya zauna har 1982. Yana cikin kwamitin lokacin da aka kori Afirka ta Kudu a 1970, da lokacin da aka hana Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, shiga wasannin Munik na 1972. A waɗannan wasanni na Munik ne ɗan damben Nijar, Isaka Dabore, ya ciwo wa ƙasarsa lambar tagulla, lambar Olamfik ta farko a tarihin Nijar. A 1976 ƙasashen Afirka fiye da 20, da Sudan da Nijar da Najeriya a ciki, suka ƙaurace wa wasannin Montireyal, don an bar wata ƙasa mai hulɗar wasa da gwamnatin wariya ta shiga. Lokotoro Halim ya goyi bayan wannan mataki.

8. Sauka daga kujera

A 1972 CAF ta yi taro a Yawunde, ƙasar Kamaru. Aka zaɓi Tesema na Habasha ya gaji Lokotoro Halim. Sau da yawa wanda ya kafa abu yakan ga kamar nasa ne. In an ba wani, sai ya yi fushi ya tafi, ko ya koma gefe yana zagon ƙasa. Lokotoro Halim ya sauka, ya ci gaba da aiki cikin hukumar ƙarƙashin wanda ya gaje shi, ƙanensa a shekaru.

A watan Agusta na 1987 Tesema ya rasu. Aka waiwayi dattijon, yana da shekara 77, aka ce ya riƙe kujerar kafin zaɓe. Ya riƙe ta wata bakwai. A watan Maris na 1988, a Kazabalanka, aka zaɓi Isa Hayatu, mutumin Garwa ta Kamaru. Lokotoro Halim ya miƙa masa ragama. Sau biyu ke nan yana hawa wannan kujera, sau biyu yana sauka lami lafiya.

9. Dokokin da ba a rubuta ba

Ƙwallon ƙafa yana da dokoki 17 a rubuce. Tushensu daga Landan yake, tun 1863. Su suka faɗi girman fili, da yawan ƴan wasa, da laifin da ake ba da fanareti a kansa. Katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa da jan kati na kora an fara amfani da su a gasar duniya ta 1970, lokacin da Lokotoro Halim yake shugabancin CAF.

Bayan waɗannan akwai ladubban da babu su cikin littafi, amma duk ɗan wasan kirki ya san su. In abokin karawa ya faɗi ya ji ciwo, mai riƙe da ƙwallo yakan fitar da ita waje don a duba shi. In an dawo wasa, ɗaya ɓangaren ya mayar masa da ƙwallonsa. Wanda ya ka da wani yakan miƙa masa hannu ya tashe shi. Ƙungiyar da ta yi nisa da ci ba ta yi wa ta baya ba'a. Sabon ɗan wasa yana girmama na gaba da shi, yana sauraren mai horo, ba ya ɗora wa mai tsaron gida laifi gaban jama'a. In an tashi, a gaisa, wani lokaci har a yi musayar riga. Alƙali ba ya hukunta wanda ya bar waɗannan, amma ƴan kallo suna gani, abokan wasa kuma ba su mantawa.

Kowane wasa da nasa. A kokawar gargajiya ta Nijar, wadda ake yi don takobi tun 1975, wanda ya yi kaye yakan tashi abokin karawarsa, su rungumi juna. A Amurka akwai wasan da ake kira besbol, inda ake jefa ƴar ƙaramar ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga. Tsofaffin ƴan wasan sukan koya wa sababbi cewa wanda ya maka ƙwallo ta yi nisa kada ya tsaya yana kallonta don ya kunyata mai jifa.

Sai dai ba kowace al'ada ce mai kyau ba. A wannan wasa na besbol, shekaru kusan 60 masu manyan ƙungiyoyi suna da wata yarjejeniya tsakaninsu, wadda ba a rubuta ba, cewa ba za su ɗauki baƙar fata ba. Sai ran 15 ga Afrilu, 1947, Jaki Robinson ya shiga fili da rigar ƙungiyar Dojas ta Buruklin, ya karya ta. An zage shi, an tsangwame shi, ya daure, ya bar wasansa ya yi magana. Shekara 10 bayan haka aka yi taron Kartum. Ke nan al'ada ma ana auna ta. Wadda take kare mutuncin abokin wasa a riƙe ta. Wadda take hana wani haƙƙinsa a yar da ita, ko da manya ne suka kafa ta.

10. Ƙarshen rayuwa

Allah ya ba Lokotoro Halim tsawon rai. Ya ga an saki Nelson Mandela daga kurkuku a 1990. Ya ga an mayar da Afirka ta Kudu cikin CAF da FIFA a 1992, da hukuma ɗaya ta baƙi da farare. Ya ga 1996, lokacin da ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar kofin Afirka, ƴan wasanta masu launi dabam-dabam suka ci kofin tare. Abin da aka nema a Kartum a 1957 ya tabbata bayan shekara 39.

Ya rasu a Kartum ran 16 ga Afrilu, 2009, yana da shekara 99. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa aka yi gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, karo na farko a ƙasar Afirka. Hukumar da ƙasashe 4 suka kafa ta kai ƙasashe 54. Gasar da aka fara da ƙungiya 3 ta koma ta ƙungiya 24 tun daga 2019.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. Kartum da Umdurman suka sha wuta, asibitoci da filayen wasa suka lalace, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Al-Hilal da Al-Marik suka rasa wurin wasa, sai ƙasar Muritaniya ta karɓe su cikin gasarta ta 2024 zuwa 2025. Ƙungiyar ƙasar Sudan ma a ƙasashen maƙwabta ta riƙa karɓar baƙi. A 2024 ta faɗa rukuni ɗaya da Mena ta Nijar, da Gana, da Angola. Sudan ta ci Nijar 1 da 0 a Juba, Nijar ta rama da 4 da 0 a Lome. A ƙarshe Sudan ta sami shiga gasar kofin Afirka ta 2025, gasar da aka haifa a babban birninta shekara 68 kafin nan. Maƙwabtan da suka ba ta aron fili, da ƙasar da ta buɗe wa ƙungiyoyinta ƙofa, duk ƴaƴan hukumar nan ne da Lokotoro Halim da abokansa suka kafa a bakin Shuɗin Nilu.

Ma'anar kalmomi

mahaɗa : wurin da koguna ko hanyoyi suke gamuwa (confluent)
hukuma : taron mutanen da aka ɗora wa kula da wani sha'ani (fédération)
gasa : takara tsakanin ƙungiyoyi don a ga gwani (compétition)
alƙalin wasa : mai busa usur, mai tsai da doka cikin fili (arbitre)
wariyar launin fata : raba mutane saboda launin jikinsu (apartheid)
ƙaurace wa : ƙin shiga abu don nuna rashin yarda (boycotter)
gurbi : wurin da aka keɓe wa wani (place)
ladubba : kyawawan halaye na zama da mutane (bonnes manières)

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa uku ne suke bakin mahaɗar Nilu?
2. Me ya kai Hausawa ƙasar Sudan?
3. A wace shekara aka haifi Lokotoro Halim, a wace shekara ya rasu?
4. Waɗanne ƙasashe huɗu ne suka kafa CAF?
5. Don me aka yi gasar 1957 da ƙasashe uku kawai?
6. Me ƙasashen Afirka suka samu bayan janyewarsu daga gasar 1966?
7. Yaya Lokotoro Halim ya yi da aka zaɓi wani a madadinsa a 1972?
8. Mene ne bambancin dokar da aka rubuta da ladabin da ba a rubuta ba?

Aiki

a) Ku zana taswirar Afirka cikin kayenku. Ku nuna Nijar, da Sudan, da Masar, da Habasha, da Afirka ta Kudu.
b) Ku lissafa: shekara nawa ne tsakanin kafa CAF da gasar duniya ta 2010?
c) Ku rubuta ladubba biyar da kuke bi in kuna wasan ƙwallo ko langa ko kokawa a unguwarku. Ku karanta wa ƴan ajinku, ku ga waɗanda kuka yi tarayya a kansu.
d) Ku tambayi wani dattijo a gidanku ko ya san wanda ya tafi Makka ta hanyar Sudan. Ku kawo labarin aji.